Ciwon RX-8 ba da sanyin safiya yake nunawa ba

Duk dillalin da zai sayar maka da Mazda RX-8 ya kuma nace sai ka zo da sassafe, to ka je masa da azahar. In ma safiyar ka je, kada ka ciro ko sisi sai ka zaga da ita kamar minti ashirin injin ya gasu, ka faka, ka kashe, ku taɓa hira ta minti biyar, sannan ka sake murza makulli. Abin da kunnenka ya ji a murzawa ta biyun nan shi ne gaskiyar motar. In ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, madalla. In kuwa kik ya yi ta juyawa, huɗu, biyar, shida, kafin ta tashi da ƙyar tana karkarwa, injin ya fara ban kwana, ko da da safe bugu ɗaya ta tashi.

Tawa ƙirar 2005 ce mai giyar hannu shida, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano, kuma mitarta ta daɗe da haura mil 100,000. A gidan mai da wurin wanki samari kan tare ni: "Yallaɓai, akwai wata da aka yi mini tayi da araha, in saya?" Amsata ba ta wuce tambayar ko sun tayar da ita da zafi. Yawanci shiru suke yi. Dalilin arahar kuwa sau da yawa yana nan a wannan shirun, domin motar da mai ita a Amurka ko Ingila ya rabu da ita a kuɗin banza, galibi ya riga ya ji abin da ya ji ne.

Kafin alamun su yi ma'ana sai ka ajiye duk abin da ka sani game da fistin. Injin nan, da ake kira rotari, ba shi da fistin, ba shi da bawul, ba kamshaf, ba tayimin bel. Abin da ke ciki wani ƙarfe ne mai kusurwa uku, gefunansa sun ɗan kumbura, ana ce masa rota, yana juyawa cikin gida mai siffar lamba 8 mai kaurin ƙugu. Biyu ne a RX-8, kowanne da gidansa. Kowace fuska ta rotan ɗaki ce mai zaman kanta: ta bi ta ƙofar shiga ta zuƙi iska da fetur, ta matse su, filogi ya kunna, ta kai hayaƙin ƙofar fita. Rota ya zaga sau ɗaya, shaf ɗin tsakiya ya juya sau uku. A takarda cc 1,308 ne kacal, wato 654 sau biyu, amma ƙarfin doki sama da 230 yake fitarwa a mai giyar hannu, jan layin allurarsa kuma yana kan juyi 9,000 a minti.

Abin da ya raba ɗaki da ɗaki siririn ƙarfe ne mai kaurin milimita 2 da ke zaune a tsinin kowace kusurwa, sifirin na tura shi yana gogar bangon gidan. Shi ne afes sil da ake ta surutu a kansa. Akwai wasu sil ɗin a gefunan rotan da kuma a kusurwoyinsa. Shi kansa injin jere shi aka yi falle-falle: farantan ƙarfe uku, gidajen alminiyam biyu a tsakaninsu, dogayen kusoshi sun ɗaure su, da zoben roba tsakanin kowane falle yana hana ruwan lagireto shiga wurin wuta. Kusan duk mutuwar injin rotari daga ɗayan waɗannan take, ko sil ɗin ƙarfe ya gaji matsi ya tsere, ko zoben roba ya ƙone ruwa ya shigo.

Matsalar tun ran gini tun ran zane ce. Injin Felix Wankel, Bajamushen da ya ƙirƙiro rotari, ya fara juyawa a kamfanin NSU na Jamus a 1957, suka sa shi a motarsu Ro 80 a 1967, sil ɗin tsinin ya riƙa cinyewa tun motar na sabuwa, musanyar injina kyauta ta tsotse kamfanin har Volkswagen ya haɗiye shi a 1969. Mazda ta sayi lasisi a 1961 ta ɗora Kenichi Yamamoto da injiniyoyi 47 a kan aikin, suka yi ta fama da zanen da sil ɗin ke yi wa bangon gida har suka fitar da Cosmo Sport a 1967. A 1991 motarsu 787B mai rota huɗu ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, karon farko da kamfanin Japan ya ci shi. Wannan nasarar tana da amfani ga mai RX-8: injin da ya kwana ya wuni yana ihu bai mutu ba, gudu ba ya kashe shi. Tafiyar lalama cikin gari, da zafi, da sakaci, su ke kashe shi.

A RX-8, da aka ƙera daga 2003 zuwa 2012, Mazda ta ɗauke ƙofar hayaƙi daga bangon gida ta mayar da ita jikin farantan gefe. Hayaƙi ya yi tsabta, amma sil ɗin gefe ya koma wucewa ta bakin wuta kullum, gawayi kuma ya sami wurin maƙalewa. Injina sun mutu da yawa har a Amurka kamfanin ya tsawaita garantin injin na ƙirar 2004 zuwa 2008 ya kai shekara 8 ko mil 100,000, a ƙirar 2009 kuma aka ƙara wa kowane rota bakin fesa baƙin mai na uku. Saboda haka lambar da ke kan mita ba ta faɗa maka shekarun injin. Wata mai mil 120,000 an canja mata inji a hanya, wata mai 60,000 tana kan na farko kuma ya kusa. Balle mitar da aka riga aka taɓa.

Abin da ya fi rikita mutanenmu shi ne, abubuwan da ke ba su tsoro a motar nan yawanci ba ciwo ba ne. Na taɓa tsayawa a wani gareji don a duba mini birki, yaron shagon ya zaro gejin baƙin mai ya ga ya sauka, ya kalle ni da tausayi ya ce, "Oga, ringin motar nan ya tafi, sai an sauke inji." Na ce masa ya nemo mini ringin in gani. Injin nan da gangan yake shan baƙin mai. Akwai ɗan famfo da ke ɗiga shi cikin ɗakin wuta don ya jiƙa sil ɗin, ya ƙone tare da fetur. Lita ɗaya a kilomita dubu biyu ko uku ba abin tashin hankali ba ne, in kana taka ta ma ta fi haka, kuma Mazda da kanta ta ce a duba geji duk bayan shan mai biyu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wadda za ka ji tsoro ita ce wadda mai ita ke alfahari da cewa "ba ta shan baƙin mai ko kaɗan." Wannan ko famfon ya tsaya ko siraran tiyoyinsa sun toshe, sil ɗin na gogar bango a bushe.

Haka farin kumfa mai kauri da ake gani a jikin geji lokacin sanyi. A injin fistin ka ga haka ka ce gaskit ya ƙone, a nan sau da yawa gumin tururi ne da ya taru a bututun gejin saboda gajerun tafiye-tafiye, kuma yakan ɓace bayan doguwar tafiya. Shan fetur ma halinta ne, lita 13 zuwa 15 a kilomita 100 cikin gari ba labari ba ne. Ɗan "fas-fas" da salansa ke yi in ka saki totur, shi ma bar shi.

Mu koma kan tashi da zafi, domin nan maganar take. In inji ya yi zafi alminiyam yana buɗewa, baƙin mai ya tsinke, ratar da ke tsakanin sil da bango ta ƙaru. Sabon sil mai ƙaƙƙarfan sifirin yana cike wannan ratar. Wanda ya cinye, ko gawayi ya riƙe shi a raminsa ba ya motsi, ba ya iya cikewa. Kik kuma a hankali yake juya inji, wajen juyi 250 a minti, iskar da aka matse tana da isasshen lokacin silalewa zuwa ɗakin maƙwabta. Da safe ƙarfe a tsuke yake, mai da kauri, sai ta tashi lafiya. Wannan ya sa ciwon ke bi daki-daki. Da farko daƙiƙa ɗaya ce ke ƙaruwa in ka fito daga gidan mai, ba ka ma lura. Daga nan silo ya fara rawa, allura ta sauka ƙasa da 800 ta dawo. Sai ranar da ka tsaya a danja cikin zafin Afrilu da AC a kunne ta mutu, 'yan Adaidaita na yi maka hon, ta ƙi tashi sai ta huce minti ashirin. Tashi daga tsaye ya yi nauyi, sai ka ƙara mata wuta kafin ka saki kuloci.

Abin da ke yaudarar mai gwaji shi ne, motar da ke wannan hali in ka hau babban titi da ita gudu take yi kamar ba abin da ya same ta. In inji na juyawa da sauri, ƙarfin juyin yana wurga sil ɗin waje ya manne da bango, iska kuma ba ta da lokacin tserewa. Dillali zai ce, "Alhaji taka ta ka ji." Ka taka, ta yi ihu har 9,000, ranka ya yi fari. Ba abin da wannan ya tabbatar. Lafiyar matsi a ƙasa ake jin ta, a silo da wurin tashi.

Sai dai kada ka yanke wa inji hukunci tun ba ka duba abin da ke kewaye da shi ba, domin an sha sauke lafiyayyen inji saboda kayan wuta. Batir mai rauni kaɗai ya isa ya kwaikwayi duk alamun nan. Kik ɗin ƙirar farko ma ba shi da sauri, daga baya Mazda ta fito da mai ƙarfi. Hakan na da fuska biyu: sabon kik yana warkar da motar da ba ta da laifi, yana kuma rufa asirin wadda injinta ya gaji. In ka leƙa ƙasa ka ga kik sabo fil yana ƙyalli da sabon batir a motar da komai nata ya tsufa, ka tambayi dalili.

Kwayil, masu ba filogi wuta, su ne na fi zargi kafin komai. Kowane rota filogi biyu gare shi, na ƙasa mai harafin L da na sama mai harafin T, kowanne da kwayil ɗinsa, huɗu ke nan. A injin fistin filogi sau ɗaya yake wuta a juyi biyu, a nan duk juyi sai ya yi, wato a 9,000 sau 150 a daƙiƙa. Ga su kuma a manne kusa da zafin inji. Masu motar da suka san ta ba sa jira su mutu, kusan duk kilomita 50,000 suke canja kwayil da waya da filogi a tare. Filogin kuma nata ne na musamman, NGK RE7C-L a ƙasa, RE9B-T a sama. Kada a ce maka ga wani "zai shiga." Zai shiga ɗin, in ya yi tsayi ya gaisa da sil.

Alamar kwayil ita ce fitilar inji mai ƙyaftawa. Wadda ta kunna ta tsaya tana iya jiran gobe. Mai ƙyaftawa in ka taka totur, musamman a sama, tana gaya maka wuta na tsallake, ɗanyen fetur na fita. In an sa kwamfuta za a ga P0300, ko P0301 na rotan gaba, ko P0302 na baya. Wannan fetur ɗin ɓarna biyu yake yi. Yana wanke baƙin man da ke jikin bango, sannan ya je ya ƙone cikin katalis, abin nan da kanikawa ke kira indomi, ya narkar da shi ya toshe. Katalis ya toshe, zafi ya rasa hanyar fita ya koma kan sil ɗin gefe, sifirin ɗinsu ya saki. Kwayil mai ɗan kuɗi kaɗan ya kashe katalis, katalis ya kashe inji, a jere haka. Za ka gane toshewar in motar na tafiya daidai da farko, bayan rabin awa ta ƙi wuce 6,000, da warin ruɓaɓɓen ƙwai, da zafi na tasowa ta gefen giya. Da dare ka leƙa ƙarƙashinta za ka iya ganin tukunyar ta yi ja. Rauni a sama ka nemi kwayil da katalis da famfon fetur, rauni a ƙasa ka nemi matsi. (Da yawa daga cikin waɗanda ke iso mana ma an riga an fafe musu katalis a hanya an sayar, sai ka ji wari na shiga ido a bayansu. Ba na yabon wannan, amma aƙalla ba zai toshe ba.)

Akwai kuma shaƙewa da fetur, wadda a gidajenmu ake jawowa kullum. An tashi da safe, a ce wa yaro ya fitar da mota ƙofar gida ya wanke. Ya tayar, ya ja ta taku goma, ya kashe. Inji mai sanyi fetur da yawa yake fesawa, an kashe shi bai ƙone ba, ya kwanta a ɗakunan ya jiƙa filogi ya wanke bango. Ka fito da shirin ofis ka murza, kik na juyawa da wani irin sauri marar nauyi, "wiiii", ba alamar kamawa, sai warin fetur. Maganin farko shi ne ka danne totur har ƙasa kafin ka murza, domin kwamfutar motar tana yanke fetur in ta ga haka. Daƙiƙa goma, ka huta, ka sake, sannan ka saki totur ka gwada. In ta ƙi, a cire filogi a busar. Shaƙewa sau ɗaya bayan irin wannan kashewar ba hujja ba ce a kan inji. Wadda ke shaƙewa a kai a kai ba tare da an kashe ta da sanyi ba, ko wutarta ta yi rauni ko matsinta. Ni dokar gidana ita ce ba mai tayar da ita sai wanda zai bar ta ta yi zafi, in wanki ne a tura ta da hannu.

Ciwo na biyu, na ruwa, shi ya fi dacewa da ƙasarmu, kuma ba ya ba da dogon wa'adi irin na farko. Alminiyam da ƙarfe ba sa buɗewa daidai da juna in sun yi zafi. Ɗaukar zafi mai tsanani sau ɗaya tak yana iya lanƙwasa gida ko ya dafa zoben robar nan. Allurar zafi da ke gabanka kuma ba ta da gaskiya, an yi ta ne ta zauna a tsakiya ko zafi na hawa, kafin ta motsa dama abu ya yi nisa. Ta matsin baƙin mai a ƙirar farko ma ado ce, akwai ko babu kawai ta sani. Ni ɗan na'urar nan ta OBD, mai karanta kwamfutar mota, nake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ina karanta ainihin lambar a waya. Tsakanin digiri 85 da 95 hankalina a kwance yake, in ta doshi 105 a gosulo ina kashe AC in nemi gefe.

Zoben in ya fara yoyo, da safe yake nunawa, saɓanin ciwon matsi. Cikin dare ruwa ya tsiyaya ɗakin wuta, ka tayar ta kama da rota ɗaya tana girgiza na 'yan daƙiƙu, farin hayaƙi mai kauri ya turnuƙe bayanta, mai ƙamshin zaƙi-zaƙi in kana zuba kulan, wato ruwan lagireto na musamman, sannan ta daidaita kamar ba a yi ba. Ruwa na raguwa a tanki ba ka ga digo a ƙasa ba. Gwajin ba ya cin ko kwabo: inji da sanyi, buɗe murfin tankin ruwa, cika shi, tayar, ka zuba ido. In ƙananan kumfa na tasowa a jere ba ƙaƙƙautawa, hayaƙin inji ne ke shiga ruwa. Wani lokaci ma tun inji bai yi zafi ba za ka taɓa tiyon lagireto ka ji ya yi tauri, ko tankin ya riƙa amai. A lura, fitilar ruwa ta motar nan ta shahara da ƙarya saboda abin da ke yawo a tankin yakan jiƙe ya nutse. Mutane sukan zare wayarta su huta. In ka zare, to idonka ya zama fitilar.

Nan ne nake faɗa da al'adun garejinmu. Mota ta shigo daga Turai, abu na farko a cire tamostat a haɗa fanka dairek, a cika lagireto da ruwan rijiya. A Corolla kana iya tsira da wannan shekara da shekaru. A nan ruwan banza tsatsa yake sa wa farantan ƙarfe, ya ci wurin da zoben robar ke zama, ranar da ya cinye kuma sabon zobe ba ya magani. Tamostat ɗin ma ba buɗe hanya kaɗai yake yi ba, yana toshe wata gajeriyar hanya don ruwa ya bi ta lagireto dole. Ka cire shi, wani ruwan ya riƙa zagayawa cikin inji bai je ya huce ba. A bar shi, a zuba kulan na gaskiya, a wanke ƙurar hunturu daga lagireto da kulolin baƙin mai da ke bayan bamba, a kuma tabbatar faifan robar da ke ƙarƙashin gaba yana nan, domin shi ke tilasta wa iska bi ta lagireto.

Maganar ƙarar inji kuwa gajera ce. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga tsakiyar inji da ke bin juyi, tare da ƙyalli mai launin jan ƙarfe cikin baƙin man da aka juye, beyarin ne, a kashe ta a nemo janwe. Girgiza a silo kaɗai, in tana tashi lafiya da zafi, sau da yawa kujerun inji ne suka zauna, musamman ta ɓangaren salansa. In kuwa kana cikin gudu ka ji ƙarfi ya rabu biyu nan take, ƙarar ta koma "bur-bur-bur", sil ɗin tsini ya karye. A RX-7, yayar RX-8, ƙirar ƙarshe mai tabo biyu, haka suka fi mutuwa, fetur marar kyau ko zafi ya sa wuta ta tashi kafin lokaci, gutsuren ya fita ta ƙofar hayaƙi ya tafi da fankar tabo. A RX-8 ƙofar na gefe, gutsuren ba ya samun fita da sauƙi, sai ya zauna yana sassaƙar gida.

Duk waɗannan zato ne har sai an auna matsi, kuma awon ma akwai na banza. Gejin da aka saba da shi lamba mafi girma yake riƙewa. Rota mai fuska uku, biyu sun mutu ɗaya na da rai, gejin zai nuna maka mai ran ya ce lafiya. Awo na gaskiya lamba shida yake bayarwa, uku ga kowane rota, da saurin juyin kik a gefe, kuma da zafi ake yi, ta ramin filogin sama, totur a ƙasa, an yanke fetur da wuta. Littafin Mazda ya ce a juyi 250 lafiyayye 8.5 ne a ma'aunin kilo, wato psi 120, mafi ƙaranci 6.9, kusan psi 99. Tsakanin fuskoki kada bambanci ya wuce 1.5, tsakanin rota da rota kada ya wuce 1. Saurin juyin dole ne, domin 7 a juyi 300 ya fi 7 a juyi 220 muni nesa ba kusa ba, sai an mayar da lissafin kan 250. Tudu ma na rage lamba, awon Jos da ke sama da mita 1,200 ba zai zo daidai da na Legas ba a mota ɗaya.

Na'urar ta musamman wuyar samu gare ta a nan. In babu, a cire ɗan bawul ɗin da ke riƙe iska a bakin gejin gama-gari, a murza, a ɗauki allurar a bidiyo da waya, a kalla a hankali. Tsalle uku masu tsayi ɗaya kake nema. Ɗaya dogo biyu gajeru, sil ɗin tsini ne, tunda kowane tsini ɗaki biyu yake rabawa. Biyu dogaye ɗaya gajere, sil ɗin gefe ne. Duka ukun daidai amma ƙasa-ƙasa, tsufa ne na gaba ɗaya. Ba zai ba ka lambar da za ka kai kotu ba, amma zai hana ka sayen gawa.

In lambobin sun sauka wajen 6 da ɗoriya kuma tana wahalar tashi da zafi, ra'ayina a buɗe injin tun yana tafiya da ƙafarsa. Bangon gidan rota shafen kurom ne, ba a yi masa borin kamar silinda, in ya ɓare ko sil ya karce shi sai dai sabo, kuma gidajen nan biyu su ne tsadar aikin. Wanda ya buɗe da wuri yakan tsira da rota da faranti, wani lokaci har da gida, ya sayi sil da sifirin da roba kawai. Man babur mai tu-sitrok da wasu ke zubawa kaɗan a tankin fetur yana taimakon sil mai rai, ni ma ina zubawa, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Haka kai allura jan layi sau ɗaya a rana bayan inji ya yi zafi, yana kakkaɓe gawayi, ba ya gyara sifirin da ya saki. Baƙin mai kuwa, 5W-20 da aka rubuta wa 'yan Amurka ban yarda da shi ba a zafin Kano ko Sakkwato, na fi natsuwa da mai ɗan kauri, ina juyewa duk kilomita 5,000.

Injin tokumbo da za a nuna maka a ƙasa a Ladipo ko Ƙofar Ruwa ba a iya tayar da shi da zafi a gabanka, kuma daga irin motocin da muke magana aka ciro shi. In dole ne, a ɗaura masa kik da batir a yi gwajin tsallen allura a wurin kafin kuɗi su fita. Mai otomatik ta 2004 da 2005 kuwa, wadda ita mutanenmu suka fi so, ita nake hana kowa: giya huɗu gare ta, injinta mai ƙaramin ƙarfi ne, jan layinta 7,500, kuma ta yi rayuwarta tana tafiya a ƙasa-ƙasa inda gawayi ke taruwa. In an sami ƙirar 2009 zuwa sama mai giyar hannu, a ƙara kuɗi a ɗauke ta, bayan an kashe ta da zafi an sake tayarwa.